Abin da Malam Badaru Ya Binne

Shekara ashirin da shida Malam Badaru ya yi yana buɗe ƙofar Thornbeck House da ƙarfe bakwai na safe. Mutanenmu na unguwar Catford a Landan ba sa wahalar da bakinsu da sunan gidan, Gidan Rajista kawai suke cewa, don a nan ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Duk wanda ya taɓa zuwa karɓar takardar haihuwar ɗansa ya gan shi, ko da bai kula ba: dogon dattijo mai ɗan ranƙwafawa, da shuɗiyar rigar aiki da damin makullai a ƙugu. Shi ne mai kula da ginin. A watan Maris na 2023, saura wata bakwai ya yi ritaya, aka zaunar da shi a gaban teburin da shi ke gogewa kowace safiya, aka ce ya zaɓi ɗaya: ko ya nuna inda ya binne abin da ya binne, ko a sallame shi da zargin sata a wuyansa.

Mutumin Azare ne. A zauren kakansa ya sauke Alƙur'ani yana da shekara goma sha huɗu, sannan ya yi boko har ya zama malamin firamare. Ya zo Landan a 1994 da niyyar karatun zanen gine-gine, karatun ya tsaya a shekarar farko, shi kuma kunya ta hana shi komawa gida hannu wofi. Ya yi wankin kwanuka a wani otal a Aldwych, ya yi gadi, daga baya council, wato ƙaramar hukumar yankin, ta ɗauke shi a 1997. Ya auro Asama'u, suka haifi 'ya'ya mata uku a wani flat mai ɗaki biyu. Wannan ita ce rayuwarsa idan aka taƙaita, kuma shi kansa ba ya ganin akwai abin ƙari.

Tarihin gidan kuwa ya fi kowa sani, ba daga littafi ba, daga makullai. Tsofaffin makullan suna da ɗan guntun tagulla da aka rubuta sunan kowane ɗaki: ɗakin uwargida, ɗakin madara, ɗakin bindigogi. Wani attajirin sabulu, Josiah Thornbeck, ya gina shi a 1873, da ribar manjan da jiragensa ke kwasowa daga bakin Kwara. A lokacin nan gonaki ne da shanu ta ko'ina, Landan ba ta iso ba. Ɗaki ashirin da biyu ga mutum biyar, barori goma sha huɗu kuma suna kwana a ƙarƙashin rufi, inda babba ba ya iya miƙewa tsaye. Da jirgin ƙasa ya zo, birni ya biyo shi, gonakin suka koma layukan gidaje. Jikoki suka kasa ɗumama gidan, council ta saye shi a 1932. Ya yi ɗakin karatu, ya yi ofishin rabon katin abinci lokacin yaƙin duniya, sannan ya zama Gidan Rajista. Ɗakin cin abinci shi ne ɗakin ɗaurin aure yanzu. A ɗakin kwanan uwargida ake rubuta mamata.

Abin da iyalin ba su ga amfanin ɗauka ba suka bari a ɗakin ƙarƙashin ƙasa: kawunan ɓauna da barewa masu idon gilashi, tsofaffin masu na yaƙi, wani sirdi da gara ta gama da shi. A watansa na farko Badaru ya buɗe wani akwatin shayi a can, ya ga gafaka. Bai buƙaci kowa ya gaya masa ko mece ce ba, irinta ce ke rataye a zauren kakansa. Ya koma sama ya yi alwala, ya dawo ya kwance igiyar. Alƙur'ani ne rubutun hannu, warƙa-warƙa yadda muke yi, baƙi da tawada, wasali ja, ɗigon hamza rawaya. A jikin maratayin an ɗaure wata 'yar takarda da Turancin da ya koɗe, tana cewa Kyaftin Edmund Thornbeck, ɗan mai gidan, ya cire shi daga jikin wani mamaci a arewacin Najeriya a 1903. Akwai wani baƙin tabo a fatar, faɗin tafin hannu.

Ya daɗe zaune a kan matakala. A warƙar ƙarshe marubucin ya sa sunansa, Ɗalhatu ɗan Buba, mutumin Misau, ya roƙi duk wanda ya karanta ya nema masa gafara. Misau ba ta da nisa da Azare. Tun daga ranar, duk Juma'a Badaru ke sauka ya cika masa wannan roƙo.

Sau uku ya rubuta a littafin gyare-gyare cewa a fitar da littafin nan daga ƙarƙashin ƙasa. Manajan farko ya ce zai duba. Na biyu ya ce kayan tarihi ne, ba a motsa su sai da izinin kwamiti. Na uku ya ce ai an rushe kwamitin. Sai ya yi abin da ke hannunsa: ya ɗora gafakar a kan kanta mafi tsayi, sama da kawunan dabbobin. Haka ta zauna har ƙarshen 2019, lokacin da 'yan kwangila suka zo sa sabuwar tukunyar ɗumama gida. Suka sauke komai ƙasa, suka tara a wani keji na waya a ƙarƙashin bututai, suka sa nasu kwaɗon, suka tafi da makullin. Annoba ta zo, kowa ya kulle a gida. Ya nemi makullin har ya gaji.

Wata Litinin ta watan Fabrairu 2021, bayan kwana huɗu ana ƙanƙara, yana buɗe ƙofar baya wari ya tare shi. Tsohon bututun da ke sauke ƙazantar banɗakunan sama ne ya tsage, tun ranar Asabar yake zuba. Ruwan ya kai masa idon sawu, ruwan ƙasa mai kumfa, da takardun goge-goge suna yawo a kai. Kan ɓauna ɗaya ya kife a ciki. Ya fasa kwaɗon da guduma. Akwatin shayin, inda 'yan kwangilar suka mayar da gafakar, yana daidai ƙarƙashin tsagar, ya cika har baki.

Abin da ya tarar a cikin gafakar ba ya son faɗa, kuma sau ɗaya kawai ya taɓa faɗa. Ya fito da ita ya ajiye a kan dakalin baya, ya juya ya yi amai a cikin fulawa.

A nan Katung ya same shi. Katung mutumin Zonkwa ne, shi ke kula da lambun, daga Plumstead yake zuwa. Shekara goma suna tsokanar juna, shi yana kiran Badaru Alaramma, Badaru yana kiran sa Sarkin Noma.

"Alaramma, yau kuma fulawata ka zaɓa? Me ka ci jiya?"

Badaru ya nuna masa gafakar da hannu. Katung ya matso, ya leƙa, ya cire hularsa.

"Littafinku ne?"

"Shi ne."

"Yesu ya yi mana jinƙai," in ji Katung a hankali. "To me ake yi?"

Sun gwada wankewa da ruwa mai tsabta. Tawadar ta bi ruwan, warƙoƙin kuma sun manne sun zama kamar ƙullu, duk inda yatsa ya taɓa sai ya lotsa. Badaru ya san abin da ake yi idan takardar Alƙur'ani ta lalace, tun yana yaro ya ga kakansa yana yi: a naɗe ta a farin ƙyalle, a binne ta a wuri mai tsarki inda ƙafa ba ta takawa. Ya buga wa Asama'u waya ta kawo masa farin yadin da ya zo da shi daga Hajji, wanda ya ajiye a ƙasan akwati don likkafaninsa. Ta shigo bas ta kawo, ba ta tambaye shi komai ba sai da ta gani. Ƙasa ta daskare, Katung ya yi awa biyu yana haƙa. Da azahar suka binne shi a wani gefe na lambun da ba za a faɗa a nan ba. Cikin makon, Katung ya dasa fure mai ƙaya a wuri tara daban-daban, don kada a gane wurin.

Gafakar ita kaɗai Badaru ya wanke, ya shanya, ya shafe ta da mai, ya mayar kan kanta. A littafin gyare-gyare ya rubuta cewa bututu ya fashe, an kwashe, an wanke. Bai rubuta sauran ba. Ba ɓoyewa ya yi niyya ba. Bai taɓa zuwa masa a rai ba cewa wannan abu ne da ake neman izininsa, kuma a shekara ashirin da huɗu ba wanda ya taɓa saukowa ya dubi littafin in ba shi ba.

Shekara biyu suka wuce. Gidan zai cika shekara ɗari da hamsin, council ta shirya baje kolin tarihinsa. Aka ɗauki Shafa'atu aikin wata shida, ta lissafa kayan da ke ƙasa ta kuma rubuta bayanan da za a manna a bango. 'Yar Zariya ce, ta gama digiri na biyu a tarihi a jami'ar da ke Aldwych, kuma wannan ne aikinta na farko. Irin mutanen nan ce da ke duba ƙofa sau uku bayan sun kulle. Tana kiran Badaru Baba, shi kuma yakan kawo mata ɗumamen tuwon Asama'u a roba, yana cewa sanwicin da take ci ba zai riƙe ko kyanwa ba.

Ita ta samo jerin kayan da aka rubuta a 1932. Lamba ta ɗari da goma sha huɗu: Alƙur'ani rubutun hannu a cikin jakar fata. Ta buɗe gafaka ta ga wayam. Tsoro ya kama ta, don ita ce ta ƙarshe da ta sa hannu a kan makullin, kuma takardar zamanta a ƙasar a kan aikin nan ta rataya. Kafin ta hau matakala ta riga ta tura wa manaja, Misis Garrod, saƙo. Badaru yana sama a lokacin, yana canza ƙwan fitila.

Washegari, bayan Katung ya gaya mata abin da ya faru, ta same shi a ɗakinsa na ajiyar tsintsiya, idonta ya kumbura.

"Baba, wallahi ban san kai ne ba. Na yi report tun jiya."

"Da kin tambaye ni, 'yar nan. Taku goma ne tsakaninmu."

"Tsoro na ji."

"Na sani. Share fuskarki, kada su gani. Tuwonki yana kan hita."

Da ƙafarsa ya je ofishin Misis Garrod ya faɗa mata komai, daga bututu har farin yadi. Ta saurare shi da kanta a karkace, ta ce ta gode ƙwarai da ya buɗe zuciyarsa, ta ce ta fahimci abin yana da muhimmanci a al'adarsa. Da yamma takarda ta zo cewa an dakatar da shi.

A zaman farko akwai mutum uku: Misis Garrod, wata mata daga sashen ma'aikata, da Mista Fenn, wanda aka ɗauko haya ya tsara baje kolin. Matar sashen ma'aikata ta ce ba wanda ke zarginsa da komai, amma dole ya gane cewa irin waɗannan littattafai suna da masu saye, kuma ba su da wata hujja sai maganarsa. Idan ya nuna wurin aka tono, magana ta ƙare, ya koma aikinsa. Mista Fenn ya ƙara da cewa ko ruɓaɓɓe ne ma yana so. Idonsa har ƙyalli yake. Ya ce a sa shi a akwatin gilashi da ƙasarsa da ƙyallensa, a tsakiyar babban zaure, zai zama abin da kowa zai zo gani, labari ne na rauni da warkewa.

Babban zauren nan, a nan ake zuba wa baƙin biki giya. Badaru ne ke goge ta daga ƙasa duk Asabar.

"Ranka ya daɗe," ya ce da Turancinsa mai sanyi, "an cire shi daga jikin gawa sau ɗaya. An bar shi a ƙarƙashin masai. Yanzu kuma a tono shi a nuna wa mutane yadda ya zama?"

Misis Garrod ta ce a guji kalmomi masu zafi. Aka ba shi zuwa Juma'a ta sama.

Katung ya je ya ba da shaida cewa shi ya haƙa ramin da hannunsa. Suka ce to ya nuna. Ya ce lambun nan eka huɗu ne, shi kuma ya tsufa, ko inda ya ajiye tabaraunsa ba ya tunawa. Aka rubuta cewa shaidar abokin wanda ake bincike ce. Shafa'atu ta kwana biyu tana juya tsofaffin littattafan gyare-gyare har ta samo wurare ukun da Badaru ya roƙi a fitar da littafin, da kwanan wata da sa hannun manajoji. Ta kai musu. Aka gode mata, aka ce wannan ba ya cikin abin da aka kafa zaman a kai.

Amma akwai abin da ta ga bai kamata ta ɓoye masa ba. Ta same shi a tashar bas.

"Baba, na tambayi wata malamarmu. Ta ce da an sa shi a firiza a ranar, akwai masu gyara da za su iya ceto wasu warƙoƙi. Ba duka ba. Wasu."

Bas ɗinsa ta zo ta wuce, bai shiga ba. Wannan maganar ta fi takardar dakatarwa yi masa ciwo, don ya san ba ƙarya ba ce.

"To Allah ya yafe mini," ya ce. "Ban san da su ba. Wa zan kira, 'yar nan? Shekara ashirin da huɗu ina kira."

A gida Asama'u ce ta sa shi gaba, bayan la'asar, tana tsinke alayyafo ba ta dube shi ba.

"Malam, ka nuna musu mana. Ƙasa ta riga ta ci rabonta, me za su samu?"

"Abin da suka samu shi za su baje."

"Yau a wurin ta'aziyya wata ta ja ni gefe, wai da gaske ne ka sayar wa wani Balarabe? Ni da na kawo yadin da hannuna. 'Ya'yanka suna da surukai a garin nan."

"Kin gan shi da idonki, Asama'u."

"Na gani."

"To ki ce in tono, in miƙa wa mutumin nan."

Ta ci gaba da tsinkar ganye. Can ta ce, "Sai ka sayi wani yadin dai. Ba na son ranar ta zo a yi ta neme-neme."

Ranar Juma'a ya zo da ƙarfe bakwai kamar kullum, ya tsaya a waje don an karɓe masa makullin gaba, har wani ya zo ya buɗe da tara saura kwata. Zaman bai kai minti goma ba. Suka sake tambaya, ya ce ba zai nuna ba. Ya kwance damin tsofaffin makullan da suka rage a ƙugunsa, ya jera su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa musu wanda ke buƙatar a ɗan ɗaga ƙofa kafin ya juya. Ba wanda ya rubuta. Takardar sallamar ta ce ya lalata kayan council kuma ya ƙi ba da haɗin kai. Kalmar sata ba ta ciki, amma ba a kuma rubuta cewa bai yi ba. Wani mai gadi da aka ɗauka watan jiya ya raka shi har bakin titi.

An buɗe baje kolin a watan Satumba. Gafakar tana akwatin gilashi a babban zaure, kusa da hoton Kyaftin Edmund da gashin bakinsa. Bayanin ƙasa ya ce abin da ke cikinta ya salwanta a wurin ajiya. Babu bututu a ciki, babu wurare ukun nan. A rubutun farko Shafa'atu ta sa sunan Ɗalhatu ɗan Buba mutumin Misau, aka soke, wai ba shi da madogara sai bakin ma'aikacin da aka sallama. Sunan kyaftin ya fito sau shida a bangon. A ranar buɗewa mutane suka riƙa ajiye kofunansu a kan gilashin, saboda tsayinsa ya yi daidai da gwiwar hannu. Shafa'atu ta tsaya tana kallon zoben da gindin kowane kofi ke bari, sannan ta fita ta ƙofar baya. Da aka yi mata tayin ƙarin wata uku ba ta karɓa ba. Har yanzu idan ta ji ƙarar shigowar saƙo a wayarta sai gabanta ya faɗi.

Malam Badaru yana nan a Catford. Wasu a masallaci sun koma gaishe shi yadda suka saba, wasu suna miƙa hannu suna kallon wani wuri. Lambun Thornbeck na kowa ne, ba mai iya hana shi shiga, don haka duk Juma'a bayan an sauko yakan zo ya zauna a benci ya nema wa Ɗalhatu gafara. Benci bakwai ne a lambun, kowane mako yana canzawa, don kada wani daga taga ya gane inda idonsa ke zuwa. Katung yakan kashe injin yankan ciyawa ya zo ya zauna kusa da shi.

"Alaramma, sun gyara bututun ka sani?"

"Sun canza shi?"

"Ina fa. Sun naɗe shi da salatif, sun sa bokiti a ƙasa."

"Wa ke zubar da bokitin?"

Katung ya ɗaga kafaɗa. Badaru ya dubi tagar ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wadda ba a goge ba tun watan Maris, ya kawar da kai ya ci gaba da jan carbinsa.